Kwalba ta Biyu

"Inna, wannan ce tsohuwar da kika ce ɓarauniyar layi ce?"

Jannat ce ta yi tambayar, ɗiyata mai shekara biyar, da murya kamar ta mai tallan fura, tana kuma nuna matar da yatsa. Muna ƙofar likitar unguwarmu a Gure, wato ɗan asibitinmu, safiyar Alhamis, rana ko gama fitowa ba ta yi ba. Mata shida na zaune a gindin itacen bedi da goyonsu, duk sun ji. Wadda aka nuna ma ta ji.

Na damƙe hannun yarinyar na sauke shi. Musu ba zai yiwu ba, don na faɗa. Jiya da la'asar ne, ina wanke-wanke ina yi wa mijina Burahima mita, ban san akwai ƙaramin kunne a bayan turmi ba.

Tsohuwar, Yabawa sunanta, ta juyo a hankali. Doguwa ce, haƙoranta ja da fure, kuma rabin yaran unguwarsu ita ta yi musu wankan farko.

"Wushe, ƴar Burahima," ta ce wa Jannat da gaisuwar Barbarci. "Sake faɗi, kunnen kakarki ya tsufa."

"Iya, ki yi haƙuri," na ce. "Yarinya ce."

"Na ga yarinya ce, Habsu. Tulu ai abin da aka zuba masa shi yake bayarwa."

Wata ta tuntsire da dariya a gindin bedin. Ni ban yi ba. Ibram na bayana, wata goma da haihuwa, numfashinsa na dukan wuyana, kuma saboda shi na zo, ba don in yi wa kowa kyau ba.

Tun shigowar bazara ƙyanda ta shigo unguwarmu. Ɗan maƙwabciyata kwana goma sha biyu yana kwance a ɗaki mai duhu, idanunsa a liƙe, tarinsa muna ji har cikin ɗakinmu, don katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma rabinta ya zube. Jannat ta samu allurarta tun tuni. Ibram ne bai samu ba. A likitarmu kuwa ranar Alhamis kawai ake yin ta, kuma kwalba guda yara goma take yi wa.

Wannan ce Alhamis ta uku da nake zuwa.

Mu a nan ba ma tsayawa a layi da ƙafa, zafi ba zai bari ba. Kowace mace idan ta iso sai ta ɗora karnen ɗanta, wato ɗan littafin nan na awo da allura, a bakin taga, a kan na wadda ta riga ta, a danne tarin da dutse, ta koma inuwa. Haka muka tarar ana yi. Alhamis ta farko ni na fara zuwa, nawa ne a can ƙasa. Mai gadi ya ɗauki tarin yadda yake ya shigar, aka fara kira daga sama. Waɗanda suka zo da hantsi suka shige, ni na koma gida da goyona. Alhamis ta biyu na ce na yi wayo, na bari sai da aka taru na ɗora nawa a sama. Ranar sai aka kife tarin, aka fara daga ƙasa.

Duk sau biyun Yabawa ta shiga. Kuma ba karne ɗaya take zuwa da shi ba, huɗu take kwancewa daga bakin zanenta, na matan gidansu da na maƙwabta, waɗanda ko ƙeyarsu ba a gani sai an fara kira. Huɗu cikin goma. Shi ya sa na kira ta da sunan da na kira ta.

Duk sau biyun kuma abu ɗaya ya biyo baya. Ana cewa kwalba ta ƙare sai wuri ya kaure. Wannan ta ce an yi son kai, waccan ta ce ita ta riga kowa, a fizgi karne, a ja zane, kowa ya watse yana zagi. Ni ma ban tsaya ba. Satin da ya wuce ma ni ce kan gaba wajen fita. Lokacin da nake koleji, kafin in bari a aji uku, mushen, wato malamin da ke koya mana Ingilishi, ya taɓa ce mana su masu harshen kalma guda suke rubutawa ga layi da kuma rigima, wajen faɗi ne kawai suke bambanta su. Mun yi ta dariya a ranar. Yanzu da na girma na daina ganin abin dariya a ciki. Wanda ya taɓa zama a gindin bedin nan ranar Alhamis ba zai yi mamaki ba.

To yau da niyya na fito. Na ce wa Burahima ko rana za ta faɗi a kaina, ba zan dawo da yaron nan ba allura ba.

Na saki hannun Jannat, na nufi tagar, na ɗaga dutsen, na kwashe tarin gaba ɗaya.

"Ke! Me kike yi da karnena?" Kaltumi ce, wata gajera mai sayar da ƙuli, wadda ta iso bayana da kaɗan. Bakinta ya fi wuƙar fawa.

"Ba tari yau," na ce. "Jerawa za mu yi a ƙasa, kowa yana gani. Ba sama, ba ƙasa, ba kifewa. Wa ta fara zuwa?"

Suka dube ni, suka dubi juna. Sai wata ƴar siririya ta ɗaga hannu. Na ajiye nata a farkon baranda, na tura Jannat ta tsinto tsakuwa, muka danne. Ta biyu, ta uku. Ba wanda ya yi gardama, don duk sun ga isowar juna. Mata shida, karne shida. Sannan Yabawa, wadda ta riga ni da ɗan lokaci kaɗan. Ta miƙo nata huɗu, na jera su da hannuna. Bakwai, takwas, tara, goma.

Na tsaya da karnen Ibram a hannu.

"Ajiye mana," in ji Yabawa. "Tsarin ai naki ne."

Na ajiye. Na goma sha ɗaya.

Dariyar da aka yi a wannan karon har da masu riƙe ciki. Kaltumi ce kawai ba ta yi ba, don nata ne na goma sha biyu.

"Wallahi ba ta saɓuwa," ta ce. "A cire huɗun nan. Ina yaran? Karne yana da hannun da za a tsira wa allura ne? Wanda bai zo ba bai zo ba."

"Suna kwari," Yabawa ta ce. "Suna ban ruwa. Albasa idan rana ta ɗaga ba ta sha ba, sai dai a yi mata salla. Ke da kike da ƙuli, ƙulinki yana bushewa ne idan kin bar shi?"

"Ni ma na bar aiki na zo!"

"To Allah ya ba ki lada. Su ba uwaye ba ne?"

"Iya, girmanki ne ya sa nake tauna magana."

"Haɗiye ta ma, ƴar nan, ba ta da ƙashi."

Kafin ka ce kwabo wuri ya ɗauka. Wasu matan sun ƙara isowa, kowace tana ajiye karne tana shiga maganar da ba ta ji farkonta ba. Ni ma ina ciki, ba zan ɓoye ba. Ina bayan Kaltumi, don idan aka cire huɗun na dawo ta bakwai. Ibram ya farka ya fara kuka. Jannat ta riƙe zanena da hannu biyu.

Ana cikin haka Madam Zaliha ta iso a kan moto, wato babur, ita ce mai yin allurar. Ta kashe moton, ta dubi taron, ta yi tsaki ƙasa-ƙasa kamar wadda ta saba, ta nufi ƙofa da makulli a hannu. Ban san abin da ya tura ni ba. Na bar faɗan, na sha gabanta.

"Madam, ina kwana. Tambaya ɗaya zan yi, don Allah."

"Ki jira a kira ki."

"Sati biyu ina jira. Kwalba nawa ce a cikin firigon nan?"

Ta tsaya. Ta dube ni daga sama har ƙasa, sannan ta dubi Ibram.

"Akwai kwalabe," ta ce.

"Akwai? To me ya sa ake cewa ta ƙare?"

"Wadda aka buɗe ce take ƙarewa. Ji nan. Maganin nan idan na buɗe na haɗa shi, awa kaɗan gare shi, abin da ya rage zubarwa ake yi. Kuma a ƙirge ake ba ni su. Ba zan buɗe ta mutum goma saboda yaro biyu ba, sati mai zuwa in rasa ta ba wasu. Idan na ga yara takwas a gabana, zan buɗe ta biyu."

"Takwas?"

"Takwas. Yara, ba karne ba. Sati biyu ina gama goman farko, in fito in ƙirga saura, sai in tarar da bedi da ɓawon gyaɗa. Kun watse."

"Me ya sa ba ki faɗa mana ba?"

"Na faɗa har murya ta dushe. Wa yake ji? Kowa bakinsa a buɗe, kunne a rufe." Ta sa makulli a ƙofa. "Ƙarfe goma sha ɗaya nake komawa wajen masu ciki. Bayan nan ko uwata ce ta zo, sai wani satin."

Ta shige ta bar ni a tsaye. Satin da ya wuce mun fi goma da muka rage. Da mun zauna, da Ibram ya kwana bakwai da allurarsa a jiki. Ba Yabawa ta hana shi ba. Ni na ɗauke shi da kaina na fita da shi, ina zagi.

Na koma baranda na ƙirga. Karne goma sha bakwai, har da huɗun Yabawa. Idan goma suka shiga, saura bakwai. Ɗaya ya rage a cika. Idan kuwa aka kori huɗun nan, sha uku ne, a yi wa goma, uku su koma gida. Ni zan shiga a haka, gaskiya ne. Na tsaya a kan wannan tunanin, ba zan ce ban tsaya ba. Amma Yabawa ba za ta janye ba, kowa ya ga haka, kuma ni da hannuna na jera su. Hanyar da ta rage wa Ibram ita ce kwalba ta biyu.

Ina ɗagowa na ga Kaltumi ta sunkuya ta zare karnenta, wata ƙawarta ma ta zare nata.

"Mu tafi," take cewa. "A bar musu likitar su dafa su ci."

Na ruga na tare bakin ƙofar shinge, na buɗe hannuwa.

"Ba inda za ki, Kaltumi."

"Ikon Allah. Yau kuma ke ce mai gadi? Matsa, Habsu, kada in ture ki da goyo."

"Ture ni. Amma ki ji tukuna."

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na faɗi abin da Madam ta ce. Sai da na faɗa sau biyu, don karon farko rabinsu suna magana. Na ce mu bakwai ne a baya, duk wadda ta fita ba ɗanta kaɗai ta cuta ba, har da na sauran shida.

"Wayo ne," in ji ƙawar Kaltumi. "So take mu gasu a rana mu cika mata lissafi."

"E, so nake ku cika mini," na ce. "Ni ma in cika muku. Ke ɗanki ƙyanda ta yi masa alkawarin ba za ta zo ba?"

Ta mayar da karnen ɗanta ƙarƙashin tsakuwa. Kaltumi ta dubi ɗiyarta da ke barci a kafaɗarta, ta ja dogon tsaki, ta koma ta jefa karnen a wurinsa.

"Zuwa sha ɗaya," ta ce. "Idan ƙarya ce, ni da ke ne."

Saura abu mai wuya. Na je gaban Yabawa, na durƙusa har gwiwata ta taɓa yashi.

"Iya, na yi miki laifi. Na faɗi abin da bai kamata ba, a gaban ƴata kuma. Ki yafe mini."

Ta bar ni a durƙushe sai da na ji nauyin Ibram a ƙuguna.

"Yau ɓarauniya ta yi rana ke nan?"

"Ta yi, Iya."

"Hm. Tashi, kada ki karya mini jika. Me kike so?"

"Ki kira matanki su zo yanzu, kada su jira a fara kira. Kuma muna neman yaro ɗaya. Ke kin san duk gidan da aka haihu bara."

Ta ciro ƴar salula daga cikin zane, ta miƙa wa wata yarinya mai goyo ta danna mata lamba, sannan ta karɓa ta yi magana da Barbarci, gajere kuma da faɗa. Sannan ta rufe ido tana lissafi da yatsu, tana kiran sunayen gidaje. Wannan an yi masa. Wannan sun tafi Bune wajen dabbobi. Wannan bai kai wata tara ba.

"Mardiya," ta ce. "Matar Fadilu mai gyaran moto, bayan masallacin Juma'a. Ɗanta sa'an naki ne, kwana shida tsakaninsu, ni na yanke cibiyar. Amma satin da ya wuce ta rantse ba za ta sake taka nan ba. An yaga mata mayafi."

Na san da maganar mayafin. Ina kusa lokacin da aka yaga shi.

"A kira ta mana."

"Ba ta da waya. Kuma wadda ta rantse ba a kiranta da waya, sai da ƙafa."

Ƙarfe tara ta wuce. Madam ta fara kiran na farko. Na dubi karnen Ibram a ƙarƙashin tsakuwarsa, na dubi Jannat, na dubi matan da kowace ƙafarta ɗaya a waje take. Idan na tafi, wa zai riƙe su?

"Je ki," in ji Yabawa, kamar ta ji. "Bar mini karnen, bar mini mai bakin nan. Wadda ta motsa daga nan sai ta tsallake ni." Ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙofar shingen, ta miƙe ƙafafu. "Zo nan, ƴar Burahima, ki zauna kusa da ɓarauniya."

Tafiyar ba ta da nisa a ido, amma yashin Gure a bazara ba a yi masa gaggawa. Takalmina na nutsewa, gumi na bin bayana tsakanina da Ibram. Na lulluɓe kansa da mayafi, ina tafiya ina salati.

Na tarar da Mardiya tana tankaɗe a tsakar gida, yaron yana rarrafe kusa da ita. Ko sallamata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Idan maganar likita ce, ki juya."

Na faɗa mata duk yadda ake ciki. Ta ci gaba da tankaɗenta.

"Na rantse, Habsu. A gaban mutane."

"Rantsuwa tana da kaffara, ki tambayi malam. Idon yaro fa, me ake biya a dawo da shi?"

Hannunta ya tsaya.

"Ki zo ki leƙa ta katangarmu," na ce. "Kwana goma sha biyu ɗan maƙwabciyata bai ga uwarsa ba, muryarta kawai yake ji. Ni ba don ina ƙaunarki na zo ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Ɗana ne yake buƙatar naki. Naki ma yana buƙatar nawa. Idan kin ƙi, zan zauna a nan har sha ɗaya ta wuce, mu yi asarar tare, ki riƙa ganina."

Na zauna a kan turminta. Da gaske nake, ita ma ta gani.

"Kai, ke masifa ce," ta ce. Ta kakkaɓe garin hannunta. "Tuwon rana fa? Fadilu zai dawo."

"Fadilu ya ci ƙuli. Akwai mai sayarwa a can."

Ta yi dariya ba da son ranta ba, ta shiga ɗaki neman karne. Neman ya ɗauki lokaci. A ƙarƙashin katifa ta same shi.

Muka iso sha ɗaya saura kwata. Yabawa na nan a bakin ƙofa yadda na bar ta, Jannat na barci a cinyarta. Matan kwari sun zo har an yi wa nasu, laka a ƙafafunsu. A baranda karne bakwai na jere, ba wanda ya motsa. Kaltumi tana tsaye da hannu a ƙugu, tana ganinmu ta ƙwala ihu.

"Madam! Takwas! Fito ki ƙirga!"

Madam Zaliha ta fito, ta ƙirga kawunan yaran da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda da bakin kowa ba. Sannan ta koma ciki, muka ji ƙarar murfin firigo.

"Ibram Burahima."

Na kwance shi, na zaunar da shi a cinyata, na riƙe hannun. Allurar ta shiga, ya yi shiru na daƙiƙa guda kamar bai yarda an yi masa haka ba, sannan ya saki kukan da har ƴan waje suka ji. Ni ban taɓa jin kuka mai daɗinsa ba. Madam ta rubuta kwanan wata a karnen, ta buga hatimi, ta ce in kula da shi ko zai ɗan yi zazzaɓi, kuma kada in kai shi gidan mai ciwon. Ban tafi ba sai da aka yi wa ɗan Mardiya, na takwas.

Ke da kike karanta wannan, idan kina da goyo, ki ji ni da kyau. Ranar da kika kai ɗanki allura aka ce ta ƙare, kada ki fizgi karne ki fita kina zagi. Ki tsaya, ki rufe baki, ki je ki tambayi mai farar riga ko akwai wata kwalbar, da yara nawa take jira. Ki ƙirga waɗanda suka rage, ki riƙe su, ko da wadda kika fi tsana ce a cikinsu. Zuciya za ta kai ki gida da wuri, amma ciwon ba ya jiran Alhamis mai zuwa, kuma idan ya shigo ɗakinki, ba matar da kika yi faɗa da ita zai kwantar ba.